Ruwan da Ke Ɗiga a Ɗakin Dulcie

Talata, 10 ga Yuni, ƙarfe 8:20 na safe

Kafet ɗin ɗakin Dulcie ya jiƙe, daidai gindin hitar da ke ƙarƙashin taga. Na taka da safa, sanyi ya ratsa ni har ƙeya, don a ƙasar nan Yuni tsakiyar hunturu ne. Da na durƙusa na shafa bututun da ke shigar mata da ruwan zafi, sai ga danshi a yatsana. Bawul ɗin ne, abin buɗewa da rufe ruwan. Ɗigo ɗaya, sai na ƙirga ashirin kafin wani ya biyo.

"Ba ni ba ce," in ji Dulcie daga kan gado. "Shekaruna tamanin da ɗaya, amma har yanzu da ƙafata nake kai kaina bayi."

Na yi dariya. Wata uku ke nan ina haya a ɗakinta na baya, kullum sai ta sa ni dariya ko ban so ba. Na ɗauko tiren gasa biskit na tura ƙarƙashin bawul ɗin.

"Sai mu kira mai gyara, Anne."

Da sunan Anne ta san ni. Ba ƙarya na yi mata ba, sunana na tsakiya ne.

Na ce a'a, ƙaramin abu ne, zan iya. Na faɗa da sauri fiye da yadda ya kamata. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce to, a miƙo mata shayinta.

Laraba, 11 ga Yuni, ƙarfe 7:05 na safe

Tukunyar gas da ke dafa ruwan hitocin gidan tana ɗakin wanki. Allurar agogon awon ruwa da ke gabanta ya kamata ta zauna a ɗaya da rabi. Yau tana ɗaya. In ta faɗi ƙasa da rabi, tukunyar kashe kanta za ta yi.

Na buɗe ƙaramin famfon da ke ƙasanta na ƙara ruwa. Hannuna ya je wurin kafin kaina ya tuna. Shekara goma sha huɗu ina riƙe wa mijina tocila. "Haska nan, ba fuskata ba."

Ƙofar baya a kulle. Ta gaba a kulle.

Juma'a, 13 ga Yuni, ƙarfe 2:40 na rana

Na samo sifana a akwatin kayan aikin marigayi mijin Dulcie. Na ce bari in ɗan ƙara ɗaure notin. Sai da na riƙe bututun da gwiwa, saboda yatsu biyun nan na hannun hagu ba sa lanƙwasuwa, musamman da sanyi. Na murɗa kaɗan. Na ƙara kaɗan.

Yanzu sha biyu nake ƙirgawa tsakanin ɗigo da ɗigo. Na ɓata rawata da tsalle. Robar cikin ce ta ci, sai dai a canza bawul ɗin gaba ɗaya.

Dulcie tana kallona tana saƙa.

"Wa ya koya miki riƙe sifana haka?"

"Wani ne."

"Wannan wanin yana da rai?"

"Yana da."

"Kash," ta ce, ta ci gaba da saƙarta.

Lahadi, 15 ga Yuni, ƙarfe 4:00 na yamma

Allura ƙasa da ɗaya. Na ƙara ruwa. Farar mota irin tasa ta wuce sau biyu. Ta masu kai saƙo ce.

Litinin, 16 ga Yuni, ƙarfe 1:15 na rana

Na hau bas na je babban kantin kayan gini. Na nuna wa matar da ke sashen famfo hoton bawul ɗin a wayata. Ta ce ba sa ajiye irinsa, sai shagon masu kayan hita da ke unguwar Wendouree, nan Ballarat, har ta zana mini hanya a bayan takarda.

Ba na bukatar zanen. Na san shagon.

Aikin mijina ke nan. Shi ke kai wa masu gyaran hita kaya, tun daga Geelong har Horsham. Babu mai sifana a yammacin jihar nan da bai sha shayi da shi ba. Ya san sunayen 'ya'yansu da ƙungiyar ƙwallon da kowa ke goyon baya. Kowa na son shi. Ni ma da a kantar shago na san shi kawai, da ina son shi har yau.

Duk da haka na je. Na tsaya a tsallaken titi, kusa da wurin wankin mota, na ja hula har gira. Ta gilashi na hango mutumin da ke kanta. Ya taɓa zuwa gidanmu gashin nama na Kirsimeti, ya ci kek ɗina yanka uku.

Na kai minti ashirin a tsaye, sannan na koma tashar bas. Na gaya wa Dulcie kayan ya ƙare, sai wani mako.

Talata, 17 ga Yuni, ƙarfe 5:30 na yamma

Na kira yayata Lorelle da sabuwar wayar. Ita kaɗai ke da lambar, ita kaɗai kuma ke kirana Kez.

"Ya sake zuwa, Kez. Ya yanke wa Mama ciyawar gaban gida, ya kawo mata furanni. Ya zauna a kicin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Har Mama ta fara cewa ko za ki saurare shi sau ɗaya."

"Kin gaya wa Mama inda nake?"

"Kin mai da ni mahaukaciya?"

Na ba ta labarin bawul. Na ce ko za ta saya a can ta aiko mini.

"Ni? In shiga shagon kayan famfo a Geelong in nemi bawul ɗin hitar ruwa, alhali ya san gidana babu irinta? Ai kafin in kai gida ya ji."

Gaskiyarta. Na ce ta bar shi.

"Kina cin abinci?"

Na ce ina ci. Dulcie ta yi miyar kabewa tukunya guda, tun Asabar muke kanta.

Alhamis, 19 ga Yuni, ƙarfe 6:50 na safe

Tukunyar ta mutu kafin gari ya waye. Sanyi ne ya tashe ni, numfashina yana fita kamar hayaƙi a cikin ɗaki. Raɓa ta daskare a jikin taga ta ciki. Allura a sifili.

Na ƙara ruwa, na danna maɓalli, ta kama a karo na uku. Tire ya cika ya tumbatsa. Na sa bokiti da tsofaffin tawul. Bakwai nake ƙirgawa yanzu.

Dulcie tana tari. Na cika mata robar ruwan zafi na sa mata a ƙafa, na ƙara mata bargona.

"'Yar nan, ba na so in matsa miki. Amma ƙasusuwana sun fara gulmata."

Na ce ta dawo ɗakina mu yi musanya. Ta ce a gadon nan mijinta Merv ya rasu, a nan ita ma za ta jira. Na ce mata gobe zan koma shagon.

Asabar, 21 ga Yuni, ƙarfe 9:00 na safe

Na ce mata gobe.

Lahadi, 22 ga Yuni, ƙarfe 3:10 na rana

Sau uku na ƙara ruwa yau. Dulcie ba ta je coci ba. Ba ta taɓa saƙar ba. Tarin ya sauka ƙirji.

Ƙofar baya a kulle.

Litinin, 23 ga Yuni, ƙarfe 11:45 na safe

Sun tafi da ita.

Tukunyar ta sake mutuwa da asuba, ni kuma barci ya sace ni, ban ji ba. Da na shiga ɗakinta jikinta kamar garwashi, leɓɓanta sun yi shuɗi-shuɗi, tana kirana da sunan wata Beryl. Na kira motar asibiti. Ban yi tunanin komai ba, na dai kira.

Ma'aikaciyar ta tambayi sunana da dangantakarmu. Na ce Anne, 'yar haya. Ta taɓa hitar ɗakin ta ji ta kamar ƙanƙara, ta kalli bokitin.

"Tun yaushe take haka?"

Na ce kwana biyu ne. Kwana goma sha uku ne.

Sun ce sanyi ya shiga huhunta. Da suna fitar da ita ta kama hannuna, na hagun, ta ce kar in manta in ba tsuntsayen bayan gida fatar naman alade, in ba haka ba za su kai ƙarata.

Ni na yi wannan. Ba shi ba. Wannan karon ni ce.

Talata, 24 ga Yuni, ƙarfe 10:20 na safe

Ɗanta Geoffrey ya kira wayar gida daga Perth. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce ya riga ya samo mai gyara, zai zo gobe ƙarfe goma.

"Ke dai ki buɗe masa ƙofa, Anne. Abin da na roƙe ki ke nan kawai."

Na ce to. Me zan ce?

Ban tambayi sunan mai gyaran ba. Na ji tsoron in san shi. Na ji tsoron kar in san shi.

Laraba, 25 ga Yuni, ƙarfe 9:25 na safe

Na yi tunanin in bar makulli ƙarƙashin tabarmar ƙofa in tafi bakin tafki in zauna. Amma in ya zo bai ga kowa ba ya juya fa? Dulcie ba za ta dawo gida mai sanyi ba.

Na sa tabarau ɗinta na karatu don kar a gane ni. Na ɗaure gashi. Sau biyu na yi amai.

Laraba, ƙarfe 1:00 na rana

Col Hocking ne, ɗaya daga cikin masu gyaran da mijina ke kai wa kaya.

Tun kafin ya gama goge takalminsa na gane shi. Ya ƙara tumbi, gemunsa ya yi fari. Ya bi ni har ɗakin yana hira a kan sanyi, ya durƙusa da ƙyar, ya duba bawul ɗin.

"Wani ya murɗa wannan da ƙarfin tsiya."

"Ni ce."

Muryata ce ta tona ni. Ya ɗago kai a hankali.

"Kerryn? Kai! Kerryn ce! Me kike yi a nan? Yarinya, mijinki ya kusa zaucewa. Makon jiya ma na gan shi, wallahi ya rame, hotonki yake nuna wa mutane a kanta. Bari in..."

Ya kai hannu aljihun da wayarsa take.

Ban san abin da na yi ba. Na dai tsinci kaina a lungu tsakanin kabad da bango, na kare fuskata da hannuwa biyu. Babu wanda ya taɓa ni. Mutumin yana can a durƙushe, taku huɗu tsakaninmu.

Hannunsa ya tsaya a aljihu. Ɗigo yana faɗawa bokiti. Na ga idonsa ya tsaya a kan yatsuna.

"Ce mana ya yi ƙofar mota ce ta matse ki," ya ce.



Ya cire hannunsa daga aljihu. Ya juya ga hitar, ya daɗe yana kallon bawul ɗin kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Sannan ya naɗa masa wani baƙin tef, ya ce zai ɗan riƙe. Ya ce babu irinsa a motarsa, sai ya nemo.

"Col, don Allah."

"Na san shi shekara ashirin," ya ce. Ba da ni yake ba, da akwatin kayansa yake magana. "Shi ya taya ni ɗaukar akwatin gawar ƙanena."

Ya fita bai yi sallama ba. Na ji motar ta daɗe a ƙofar gida kafin ta tashi. Mutum me yake yi a mota na minti goma in ba waya ba?

Alhamis, 26 ga Yuni, ƙarfe 12:00 na rana

Na rufe labule duka. Na haɗa jaka na ajiye bakin ƙofar baya. Duk motar da ta rage gudu sai in leƙa ta gefen labule. Geelong zuwa nan awa ɗaya ne da 'yan mintoci.

Asibiti sun ce zazzaɓin ya sauka, ta yi faɗa da mai kawo shayi.

Juma'a, 27 ga Yuni, ƙarfe 8:40 na safe

An ƙwanƙwasa ƙofa ƙarfe bakwai da rabi. Na zauna a ƙasan kicin ban motsa ba har na ji mota ta tafi.

A kan matakala an ajiye ƙaramin kwali. Sabon bawul, naɗin farin tef, da ɗan makullin fitar da iska. A jikin kwalin an rubuta da biro:

"Kashe tukunya, bari ta huce, zubar da ruwan tukuna. Kar ki taɓa ɓangaren gas. Na gaya wa ɗan tsohuwar an gama. Ban ga kowa a gidan ba."

Babu suna.

Na karanta ya fi sau goma. Ban sani ba ko alheri ne, ko dai ba ya so ya kasance a nan lokacin da wani zai zo.

Asabar, 28 ga Yuni, ƙarfe 4:30 na yamma

Na yi.

Na kashe tukunya tun safe. Na jona tiyon ban ruwan lambu a famfon zubarwa, na ja shi har bayan gida. Ruwan ya fito baƙi ƙirin yana warin tsatsa, ya ɗauki kusan awa ɗaya. Na shimfiɗa tawul, na kama notin farko.

Ya ƙi. Na sa ƙarfi, sifana ta zame, na daki bango da gaɓar hannu. Nan take na ji shi a kunnena, ras, kamar yana tsaye a bayana. "Miƙo nan. Hannunki ba ya iya komai sai ɓarna." Har sai da na waiwaya.

Kabad ne kawai da rigar barcin Dulcie a rataye.

Na zauna na ɗan yi kuka. Sannan na samo guntun bututu a rumfar Merv, na zura a ƙotar sifanar don ta ƙara tsawo, na taka da ƙafa. Notin ya yi ƙara ya saki.

Tsohon bawul ɗin duk ya ci. Na goge bakin bututun, na naɗa tef zagaye goma sha biyu, na ɗaura sabon da hannu tukuna, sannan da sifana, ban wuce gona da iri ba. Na rufe famfon zubarwa, na cika ruwa. Na bi hitocin gidan ɗaya bayan ɗaya da ɗan makullin, kowace ta yi huci kamar maciji kafin ta tofo ruwa. Na kunna.

Na shimfiɗa busasshiyar takarda ƙarƙashin bawul ɗin na zauna ina kallo. Na ƙirga ɗari. Na ƙirga ɗari biyar. Takarda a bushe.

Da bututun suka fara ɗaukar zafi sai suka dinga ƙas-ƙas a ƙarƙashin katakon ƙasa, tun daga ƙofar gaba har zuwa nan. Na san ƙarfe ne ke miƙewa. Na sani. Amma sai da na ɗauki sifanar na je na duba.

Lahadi, 29 ga Yuni, ƙarfe 7:30 na safe

Allura ɗaya da rabi. Ban ƙara ko ɗigo ba.

Litinin, 30 ga Yuni, ƙarfe 5:15 na yamma

Dulcie ta dawo da rana a tasi, ta rame, bakin dai yana nan. Ta dafa hitar ɗakinta ta ce, "Wane ne wannan Col ɗin da Geoffrey ke faɗa? In yana da mata a gaya mata ina zawarci." Na ce mata ni na gyara. Ta ce ai ta sani, masu gyara ba sa share ƙasa in sun gama.

Na ji daɗi na awa biyu. Sai Lorelle ta kira.

"Kez, ya daina kukan."

"Kamar yaya?"

"Jiya ya zo wurin Mama yana ta busa fito, ya yi aski. Bai tambaye ki ba ko sau ɗaya. Ya ce mata wannan makon ba zai samu zuwa ba, yana da aiki a Ballarat."

Yana da aiki a nan duk wata. Zai iya zama hakan ne kawai. Zai iya zama Col bai ce komai ba. Zai iya zama an ce masa Col ya sayi bawul ɗaya tak, ya ƙi faɗin na wane gida ne.

Na san wannan fiton, shi yake yi in ya samu abin da yake nema.

Talata, 1 ga Yuli, ƙarfe 2:00 na rana

Na so in fita tana barcin rana. Na rubuta mata takarda na ajiye kusa da butar shayi. Ina ɗaukar jaka sai ga ta a ƙofar kicin, ta dafa sandarta.

"Ina zuwa?"

Na ce ban sani ba tukuna. Wataƙila Mildura. Wataƙila in ƙetara teku zuwa Tasmania.

"Can babu famfo?"



"Duk gidan da kika je akwai bututu, 'yar nan, kuma duk bututu wata rana sai ya yi yoyo. Sai ki bar wata tsohuwar ta daskare a can ma?"

Wannan ta shige ni. Na ce ta yafe mini. Na ce laifina ne ta kwanta asibiti. Na fara gaya mata abin da ya faru a kicin ɗin gidan mijina a watan Maris, sai ta katse ni.

"Ba sai kin faɗa mini ba. Macen da ta zo neman ɗaki ba ta tambayi rana na shigowa ko a'a ba, sai ƙofa nawa gidan ke da su. Kin ɗauka ban taɓa rayuwa ba? Ƙanwata Beryl ma haka ta yi ta gudu, gari biyar. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai ni, ni kuma na yi mata alkawarin shiru." Ta gyara riƙon sandar. "Na cika alkawarin. Ga shi shekara arba'in ina kai furanni kabarinta."

Ta ja kujera ta zauna, numfashinta yana sarƙewa.

"Ni ba za ki gaya wa ba. Waɗanda za su rubuta su buga hatimi za ki gaya wa. Ajiye jakar nan ki dafa mana shayi."

Na ce ba za su yarda da ni ba, kowa na son shi.

"Ni ba na son shi, ban ma taɓa ganin sa ba. Mun zama biyu."

Na ajiye jakar. Muna shan shayin na gaya mata sunana na gaskiya.

Laraba, 2 ga Yuli, ƙarfe 8:50 na safe

Lorelle ta taso tun asuba, za ta same mu a ofishin 'yan sanda da takardun asibitin Maris da na ɓoye a gidanta. Daga can sai kotu, in sun ce haka.

Tsoron yana nan, ko kaɗan bai ragu ba. Wataƙila ya riga ya shigo gari. Wataƙila mu yi kiciɓis a fitilar kan hanya.

Na roƙi Dulcie ta zauna a gida, likita ya hana ta shiga sanyi. Ta fito da kwat ɗinta ta zuwa coci, da hula, har da jan baki a karkace.

"Wa zai ce miki ki ɗaga murya in kin fara magana kamar ɓera? Kuma ina so su ga kina da mutane."

Tasi ya iso, yana hon.

"Taho, Kerryn," ta ce. "Ko Anne. Ko wace ce ke, riƙe mini hannu, matakalar nan tana da santsi."